Bindigar Dwayne Haskell

Ranar Litinin Dwayne Haskell ya kira 'yan sandan Marlow Creek, an sace masa ƙaramar bindiga daga durowar gefen gado. Sufeto Loretta Pruitt ta zo ta duba, ba ƙofar da aka ɓalle. Bindigogin farauta uku suna jingine a kabad, ko taɓa su ba a yi ba. Harsasai kuwa an kwashe kaf, har na farautar.

"Otis ne, maƙwabcina, ku ɗaure shege," in ji Dwayne. Rabonsa da aski tun rasuwar matarsa, daga shi sai 'yarsa Shelby a gidan.

Otis yana asibiti tun Juma'a, an yi masa aikin gwiwa. Mai gyaran famfo da ya shiga gidan a makon kuma bai wuce kicin ba.

Ranar Laraba lambar bindigar ta ɓulla a cocin unguwa, inda ake karɓar makamai ba tambaya, a ba mutum katin cefane.

"Yarinya ce," in ji dattijon cocin. "Ta ƙi katin, ta ce dai a narkar da ita yau."

Loretta ta tare Shelby a bakin makaranta.

"Shekarunki nawa?"

"Sha shida, watan jiya."

Sabuwar dokar jihar ba ruwanta da dalili: ɗan sha shida ya saci bindiga, sai kotun manya da kurkukun manya.

"Ɓarawo bindigogi masu tsada zai ɗauka, kuma ba zai ƙi kati ba," in ji Loretta. "Amma ke harsasai kika bi kika kwashe. So kike kada a harba. Wa kike jiye wa?"

Shelby ta ce:

"Na tarar da Baba a bakin gado, ya sa bindigar a baki. Wai gogewa yake yi. Anti, da baki ake goge bindiga?"

Loretta ta kai ta ofishin 'yan sanda. Dwayne ya iso a guje, yana kuka kamar yaro.

"Na janye, ranki ya daɗe. Ni na ba ta."

"Da hannunka ka rubuta an sace. Takarda ta tafi wajen mai gabatar da ƙara, shi kuwa zaɓe ne a gabansa."

Shekara ashirin Loretta tana aikin nan, ba ta taɓa tsanarsa irin ranar ba. Da za a wuce da Shelby ciki, yarinyar ta riƙo hannun rigarta, ta yi ƙasa da murya.

"Anti, akwai igiya a gareji. Ban samu na ɗauke ba."