Rigar da Aka Zaɓa wa Kili

Akwai wata yarinya mai yawan mafarki ido biyu. Ko ruwa aka aike ta tarowa, sai ta tsaya kallon gajimare har bokiti ya cika ya tumbatsa. Babanta yana kiranta Uwata, domin sunan mahaifiyarsa ta ci.

Suna da farin doki a bayan gida, ana ce masa Kili. Babu abin da take so kamar gezarsa, wato dogon gashin nan na wuyansa. Kullum bayan makaranta sai ta taje shi, ta yi masa kitso. A ranta kuwa tuni sun lula sama, ita da Kili, iska tana kaɗa gezar.

Da zafi ya shigo, sai Kili ya kama susa. Ya goga wuya a turke, ya goga gindin wutsiya a bango. Gashi ya soma zuba.

Likitar dabbobi ta zo ta duba shi.

"Cizon ƙananan ƙudaje ne," in ji ta. "Ku nema masa riga mara nauyi, mai haske, wadda iska ke ratsawa. Ta rufe wuya da ciki. In ya ci gaba da susar nan wuyan zai yi gyambo, dole mu aske gezar."

Aske gezar! Yarinyar ta kai hannu ta dafa kitson da ta yi masa.

Washegari babu makaranta. Baba yana shirin fita aiki ya ce, "Uwata, ki je shagon mai ɗinkin kayan dawaki ki karɓo rigar. Na ba shi awon Kili. Kin dai ji bayanin likita?"

"Na ji, Baba."

Shagon yana ƙanshin fata da sabon yadi. Mai ɗinki ya tsayar da kekensa, ya ɗauko wata riga ruwan toka, shara-shara kamar gidan sauro. Yarinyar ta yatsine fuska.

Sai idonta ya kai kan wata da ke rataye a ƙusa. Shuɗiya ce, mai kauri da laushi, an yi mata ado da taurarin azurfa. Nan take shagon ya ɓace mata. Ta ga Kili sanye da ita, ta hau shi suna tafe a sararin sama a hankali, taurari suna walƙiya, tsuntsaye suna ba su hanya.

"Wannan nake so," in ji ta.

"'Yata, wannan ta lokacin sanyi ce. Kuma ba ta rufe wuya."

"Ai Baba ya ce in zaɓa."

Ba haka Baba ya ce ba, ita ma ta sani. Mai ɗinki ya girgiza kai, ya naɗe mata.

Tana isa gida ta lulluɓa wa Kili. Kai, ya yi kyau! Ta shiga ɗaki ta kwanta tana murmushi, har barci ya sace ta.

Muryar Baba ce ta tashe ta da la'asar. Ta fito da gudu. Kili ya jiƙe sharkaf da gumi, yana haki. Ƙudaje sun yanyame wuyansa. Ya goge wani wuri har jini, ga gashi nan maƙale a turke.

Baba bai yi faɗa ba. Ya cire rigar, ya ba Kili ruwa, ya wanke ciwon. Sannan ya yafa wa yarinyar rigar a kafaɗa.

"Ɗan tsaya nan a rana, Uwata."

Ba a jima ba gumi ya keto mata. Bayanta ya ɗauki ƙaiƙayi, ga hannu ba ya kaiwa.

"Wayyo Baba, zan dahu!"

"Ke kina da bakin faɗa," in ji Baba. "Shi fa?"

Ta dubi Kili, tausayi ya kama ta, ta fashe da kuka. "Ka yafe mini, Baba. Mai ɗinki ya gaya mini, ni ce na ƙi ji."

Suka koma shagon tare. Mai ɗinki yana ganinsu ya yi dariya. "A'a, har taurarin sun gaji?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki rigar nan ruwan toka, ta kara tafin hannu a bayan yadin, ta hura. Iska ta ratso ta taɓa hannun.

"Wannan ce tasa," in ji ta.

Gaskiya rigar ba ta da kyau ko kaɗan. Amma Kili ya daina susa, yana cin ciyawarsa hankali kwance. Yarinyar kuma kullum tana shafa masa magani.

Da likita ta dawo, ta ɗaga rigar ta duba wuyan. "Ciwo ya warke. Babu aski!"

Yarinyar ta yi tsalle, ta rungume wuyan Kili.

"To, me kika koya?" Baba ya tambaye ta.

"In zan zaɓa wa wani abu, in duba abin da zai amfane shi, ba abin da ya burge ni ba."

"Madalla da Uwata," in ji Baba. "Maza ɗauko mataji."