Wanda Ya Nuna Ƙofar Thaddeus

Da hantsi aka sanar da Sufeto Manniru an tsinci gawa a wani gidan haya a Karshi. Mamacin shi ne Thaddeus, tsohon ma'aikacin safiyo mai auna filaye, wanda zai ba da shaida a kotu cewa filin da wani kamfanin gine-gine ya killace a gefen Abuja na wata mata mai suna Rakiya ne, gadon mijinta. A shekarun nan ko'ina gini ake, mutane na iya yin komai a kan fili.

Rakiya ta shaida wa Sufeto cewa tun da aka fara yi wa Thaddeus barazana ta ɓoye shi a nan, kuma ba ta faɗa wa kowa ba sai lauyanta, Barista Muhyiddeen.

Manniru ya san Muhyiddeen sosai. Tare suka taso a Zariya, kuma Manniru da kansa ya kai Rakiya ofishin lauyan, ya ce mata ta kwantar da hankalinta.

Mai gidan hayar, Janet, da farko ta rantse ba ta ga kowa ba. Da ya matsa mata sai ta ce ranar Talata wata baƙar mota ta tsaya, direban ya nuna wa wasu samari ƙofar ɗakin.

"Kin gane shi?"

"Oga, ban san shi ba. Amma na ga hular lauya a kujerar baya."

Muhyiddeen ya tarbi Sufeto da shayi a sabon ofishinsa na Maitama. Ya ce ranar Talata a kotu ya wuni. Manniru ya wuce kotun, magatakarda ya ce ranar alƙali bai zauna ba. A hanya ya tsaya ya tambaya, ya gano benen da ofishin Barista yake na kamfanin gine-ginen nan ne.

Ya koma ofishin tare da Janet. Tana ganin Barista ta gyaɗa kai.

"Kai ka nuna musu ƙofar?"

Muhyiddeen bai musa ba. Ya ce kamfanin ya yi masa alkawarin duk shari'o'insa, kuma sun ce tsorata tsohon kawai za su yi.

"Manniru, ka san ni. Ba kisa na nufa ba."

"Matar nan ta gaya maka abin da ta ɓoye wa 'ya'yanta, saboda kai lauyanta ne."

Muhyiddeen ya faɗi sunayen samarin da na manajan da ya turo su. Wani kofur da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, ya fita da shi ta gaban ma'aikatansa.

Rakiya na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta dubi Barista ba, Sufeto ta duba.

"Ranka ya daɗe, jibi ne shari'ar. Wa zai tsaya mini?"

Manniru ya buɗe baki zai ambaci sunan wani lauya, sai ya tuna shi ne ya kai ta wurin Muhyiddeen, ya fasa.