Wuƙa Mai Ƙyalli da Tunkiya Guda

An yi wani mutum a wani ƙauye, dukiyarsa kaf tunkiya guda ce da tsohuwar wuƙa baƙa, ƙirar maƙera. Ran kasuwa ya ga 'yar wuƙar aljihu mai ninkewa, ga ƙyalli ga araha. Mai talla ya buɗe ta ƙyas, ya rufe ta ƙyas. Mutumin ya hango gemunsa a jikinta, nan take ya ba da tsohuwar ya karɓi sabuwar.

Matarsa ta ce, "Malam, ka gwada ta ko a jikin kara?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san kaya ba. Saurara!" Ya buɗe ƙyas, ya rufe ƙyas. Kwana bakwai yana yi wa jama'a wannan kiɗa, ko albasa bai yanka ba, wai kada ƙyallin ya dushe.

Rana ta takwas tunkiyar ta afka wa buhun dawa, cikinta ya kumbura, ta faɗi tana shure-shure. Matar ta ce, "Maza yanka, kada ta zama mushe!"

Ya fuskantar da ita gabas, ya yi bisimilla, ya danna. Wuƙar ta rufe ƙyas a kan yatsunsa. Ya sake buɗewa, ta sake rufewa. Kafin a aro ta maƙwabta, tunkiya ta daina motsi.

Suka ja ta bayan gari, ungulaye suka sauko. Matar ta dubi yatsunsa jina-jina, ta ce, "Ai kuwa, Malam, ashe tana yanka."