Keken Ɗinki Ba Zare

"Ki haɗa kayanki mu tafi!" in ji Yaya, yana tsaye a ƙofar falona, ko zama ya ƙi yi. "Baba ya ce kada in koma sai da ke."

"Yaya, mijina ne fa..."

"Wanda kika aura ya daɗe da tafiya! Wannan gangar jiki ce kawai ƙwaya ke yawo da ita."

Na ɗauki mayafina. "Zo mu je shagon ɗinkinsa ka gan shi da idonka, sai ka yanke hukunci."

Rana tsaka ce, amma shagon duhu dunɗum. Ya rufe taga da wani baƙin yadi, ƙofa a sakaye. Tun daga waje muke jin ƙarar keken ɗinki, kat-kat-kat, ba tsayawa.

Muka tura ƙofar. Yana zaune yana taka keken, hannayensa na tura yadi a ƙarƙashin allura. Babu zare a jikin keken. Yadin duk ya zama huji, shi kuwa sai murmushi yake wa bango.

"Telana..." na kira shi da sunan da na saba kiransa.

Ya juyo a hankali. Idanun nan da suka sa na bar kowa saboda shi sun koma kamar na kifi. Ya dube ni sama da ƙasa, cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ɗinkinki bai kammala ba. Matata ce ba lafiya."

Yaya ya ja da baya har ya bugi ƙofa, yana salati. Da muka fito ya jingina da bango.

"Wannan ba iskanci ba ne," ya ce daga baya. "Ciwo ne. Me za mu yi, ƙanwata?"

Na faɗa masa abin da likitar asibitin masu shaye-shaye ta gaya mini lokacin da na je wurinta a ɓoye: mu taru mu same shi sa'ad da yake cikin hayyacinsa, ba zagi, ba gori, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da yake tsoro.

Washegari da safe muka zauna, ni da Yaya da Umma, mahaifiyar mijina. Mijina ya fito daga ɗaki, ya ganmu jere.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Kai nake gudun ka mutu," in ji Umma. Ba ta ɗaga murya ba. "Duk wayar da ta shigo mini, sai gabana ya faɗi. Na haife ka, ba na son in ga an fita da kai."

"Haba Umma! Maganin gajiya ne kawai, duk ranar da na ga dama zan daina!"

Na durƙusa a gabansa na riƙe hannayensa. Sanyi ƙalau, kamar an ciro su daga randa.

"Masoyina, jiya na zo shago. Ka kira ni Hajiya. Ka ce matarka ba lafiya."

"Ni? Zumata, ni na ce miki haka?"

"A gabana aka yi," in ji Yaya. "Zuwa na yi in raba ku, wallahi. Yanzu kuma mota na kawo in kai ka asibiti, in ka yarda. Baba kuwa ka bar ni da shi."

Ya kalli hannayensa kamar na wani ne. Sai ya fashe da kuka.

"Tsoro nake ji... In na bari, jikina kamar ana sara."

"Likita ta san da haka, za su taimake ka. Kullum zan zo."

A ƙofar asibitin ya tsaya cak, har na ɗauka zai juya. Sai ya cire hularsa, ya zaro wani ɗan ƙullin ƙwayoyi daga cikin naɗinta, ya danƙa wa Umma a tafin hannu.

"Na yi niyyar shiga da su," ya ce, kansa a ƙasa.

Umma ta dunƙule hannunta gam. Ya juyo gare ni, hawaye na bin gemunsa.

"In na fito, zan same ki?"

"A ɗakinmu za ka same ni. Shiga, Telana."

Ya shiga da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe shi.