Cokali Uku a Ƙaramin Tanki

Amarya na tsugune a falo gaban ɗan tankin gilashi, tana tsamo matattun kifaye da raga. Ruwan gishirin da jiya yake garau ya yi fari kamar an zuba madara, murjani mai rai na teku da ke kan dutse duk ya yamushe. Sai ga mijinta, Injiniya, ya shigo riƙe da jakar tafiya.

"Me zan gani haka?"

Ta kasa ɗaga kai.

"Sai da mai shago ya ce miki ƙaramin tanki ba na sabon shiga ba ne! Ruwan kaɗan ne, kuskure ɗaya ya isa. Na ce mu jira mu sayi babba, kika ce kin gani a waya, kin iya. Wata huɗu ina renon murjanin nan, kwana uku kacal na bar miki!"

"Ka yi haƙuri, masoyina..."

"Kar ki ƙara ce min masoyi! Kifi ma kin kasa riƙewa, ina mamakin abin da ya zube?"

Wata biyu ke nan da ta yi ɓari. Ragar ta suɓuce daga hannunta.

Kuma ta san abin da ya faru. Jiya da rana ta tarar da Mama, mahaifiyarsa, tana juye cokali na uku na abincin kifi tana cewa, "Bayin Allah, ƙwaya biyu a wuni? Ai wannan zalunci ne." Tun da mijin Mama ya rasu ta dawo gidan, ba ta da abokan hira sai kifayen nan. Amarya ta ga ba za ta iya haɗa ɗa da uwarsa ba, ta haɗiye maganar.

Sati guda bai ci abincinta ba. Ta gaishe shi, ya amsa wa bango. Ran na takwas ya ce ta je gidansu ta huta tukuna.

Tana jan akwati tana share hawaye da gefen mayafi, Mama ta leƙo.

"'Yar nan, ina zuwa?"

"Gida, Mama."

"Kan me?"

Mama ta dubi busasshen tankin, ta dubi akwatin. Nan take ta gane.

"Kai, Babana! Fito nan! Ni na kashe maka kifi, cokali uku na zuba musu. Yarinyar nan ta gan ni da idonta, ta rufa min asiri, ni kuma kunya ta ɗaure min baki. To ga ni, ɗauko min nawa akwatin!"

Injiniya ya fito ya ji komai. Can sai ya durƙusa gaban matarsa.

"Don Allah ki yafe min."

"Kifi ana saye," ta ce. "Maganar da ka faɗa min fa, a wane shago za ka mayar da ita?"

Ya fashe da kuka kamar yaro. Mama da kanta ta ja akwatin ta kai ɗaki, daga ranar kuwa ba wanda ya isa ya ɗaga wa Amarya murya a gabanta.

Amarya ta zauna, ta yafe, kuma haƙurinta ya sama mata uwa ta biyu. Amma ku ji ni da kyau, samari: tambaya ɗaya ce, "me ya faru?", ya kasa yi kafin ya yanke hukunci. Shekaru ya yi yana lallashi kafin dariyarta ta dawo yadda take.