Minti Huɗu a Kan Idon Baba

Sau uku Auta ta karanta takardar kamfanin inshora a tsaye kafin idonta ya sauka ƙasan shafin.

“Ba a amince ba. Kuɗin da aka nema ya wuce kima. Mai dubawa: lamba 17.”

Ta san lambar. Kullum tana ganinta a katin da ke rataye a wuyan Dogo, ma’aikacin kamfanin, mutumin da saura wata biyu ya zama mijinta.

Shekara shida Auta tana cike takardun inshora a wannan asibitin kuɗi, kuma ita ta cike ta mahaifinta da hannunta. Baba tsohon malamin tarihi ne. Idonsa na hagu ya riga ya tafi, likita kuma ya ce in ba a yi wa na dama aiki cikin mako uku ba, shi ma zai bi. Ranar nan kwana tara ke nan.

Ƙaramin Likita, ɗan mai asibitin, wanda sau biyu tana mayar masa da kyautarsa, ya leƙa takardar ta bayan kafaɗarta. Ya jajanta mata da murya mai laushi, ya ce shi zai sa a yi aikin ba ko sisi, domin a wurinsa Baba uba ne... ko kuma zai iya zama. Kafin ta isa gida ya riga ya buga wa Gwaggo, yayar Baba, waya.

Gwaggo na bakin ƙofar falo tana jiranta. Ta ce dama ita tun farko ba ta yarda da mutumin da ake biya albashi don ya ce a’a ba. Yau idon suruki, gobe kuwa in haihuwa ta zo da gardama sai ya ce a dakata ya duba farashi.

“Ga likita sukutum yana bin ki, kin liƙe wa mai hatimi.”

Baba na zaune da rediyonsa a cinya. Yana ta laluben maɓallinsa da yatsa, abin da ya fi faɗan Gwaggo karya wa Auta zuciya.

Washegari da azahar ta sami Dogo a matattakalar ofishinsu. Ya taso da fara’a.

“Rabin raina, lafiya?”

Ta miƙa masa takardar. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya zauna a kan matattakala kamar wanda aka zare wa laka.

Ya rantse bai san ta Baba ce ba. Takardu na zuwa musu ne da lamba, babu suna, babu hoto, kuma minti huɗu aka ware wa kowace. Duk wadda ta zarce farashin da aka saba da kashi arba’in, allon kwamfuta kan yi mata jan layi, shi kuma ya ƙi ta.

Ta ce kada ya fake da allo. Ta san ladan ƙarshen shekararsu yana hawa ne da yawan abin da suka hana, kuma kowace shekara suna ƙara wa mutane kuɗin wata-wata suna rage abin da suke biya. In ba riba ba, me ake kira wannan?

Bai musa ba. Amma ya ce ta dubi nasu gidan: allurar da ake saya da araha a kantin magani, asibitinsu na rubuta ta ninki biyar. In kamfani ya biya duk abin da aka rubuto, kuɗin wata-wata ne zai ninka, talaka ya fita daga tsarin gaba ɗaya. Sannan ya buɗe shafi na biyu, ya bi layukan da yatsa.

“Hoton ƙwaƙwalwa. Gwajin zuciya sau biyu. Kwana huɗu a ɗaki na musamman, a kan aikin da ake sallama ran nan... Auta, wa ya cike wannan?”

Ta zauna kusa da shi a kan matattakalar.

Ranar da ta fara aiki aka koya mata: kamfani zai yanke kashi ɗaya cikin uku ko me ka rubuta, saboda haka ka ƙara kashi ɗaya cikin uku. Ta yi haka sau dubbai har hannunta ya daina tambayarta. Da ta zo kan ta Baba kuwa, tsoro ya sa ta ƙara fiye da kullum, don kada yankan ya taɓa aikin kansa.

“Ni ce,” ta ce. “Don in kare shi na yi...”

Tare suka je gaban Baba da la’asar, suka durƙusa, kowa na ƙoƙarin janye laifin zuwa kansa. Gwaggo ta ce ita ba ta ga abin shawara ba, tunda ga mai yi kyauta.

Baba ya kashe rediyo. Ya ce a shekarar 1883 aka fara kafa dokar inshorar lafiyar ma’aikata a wata ƙasar Turai, amma tun kafin nan masu haƙar ma’adinai ke tara ɗan abin da suka samu a akwati ɗaya, don wanda ya kwanta ciwo. Mai riƙe da akwatin ya san fuskar kowa. Ya ce shi bai ƙi a ci riba ba, shi ma albashi ya ci shekara talatin da biyar. Abin da ya ga ya lalace shi ne wannan na ƙarawa don wancan zai yanke, wancan na yankewa don wannan ya ƙara, mara lafiya kuma na tsakiya yana biyan kuɗin rashin yardarsu.

“Kyautar likita kuwa, Yaya, na ji farashinta a muryarki. Ba zan sayi ido da ’yata ba.”

Hanyar da ta rage ɗaukaka ƙara ce, kuma ba ta da daɗi. Ƙa’ida ta hana Dogo taɓa takardar wanda ya sani, don haka ya je ya bayyana wa shugabarsa alaƙarsu, ya kuma rubuta cewa ya ƙi takardar ba tare da ya tambayi asibiti ko layi ɗaya ba. Aka soke ladansa na shekarar. Auta ta sake cike takardar da ainihin abin da likita ya nema, ta haɗa da wasiƙar amsa laifi da sa hannunta. Ƙaramin Likita ya daina gaishe ta, aka mayar da ita ɗakin ajiyar fayil.

Kwamitin da ke duba ƙarar kuwa sau ɗaya yake zama a mako.

Kowace safiya Auta takan ɗaga yatsu a gaban Baba ta ce ya ƙirga. Ran kwana goma sha biyar ya ce uku, alhali biyu ne. Ta ce daidai, ta shiga ɗaki ta toshe bakinta da mayafi.

Amincewar ta fito ran kwana goma sha takwas. Aka yi aikin washegari.

Da aka zo cire bandeji, Dogo ya tsaya can jikin ƙofa. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, amma an tsare saura. Baba ya ƙifta ido, ya dubi Auta, ya dubi Gwaggo da ke share hawaye tana cewa hasken ɗakin ne ya yi mata yawa.

“Ina lamba goma sha bakwai? Matso nan.”

Dogo ya matso ya durƙusa. Baba ya kama haɓarsa, ya juya fuskar zuwa taga, ya yi ta kallo. Auta na duban agogo.

“Auta, minti nawa ke nan?”

“Shida, Baba.”

“To, na ba shi fiye da yadda ya ba ni.” Ya saki haɓar, ya dafa kansa. “Na duba. Na amince.”