Awa Biyar Daga Jidda

Bayan la'asar Inna Zaituna ta bugo waya daga Jidda, ta ce wa ɗanta Kalilu ga su nan za su shiga jirgi.

Kalilu direba ne, lissafin hanya a jininsa yake. Jidda zuwa Katsina awa biyar a sama. Sai bayan isha'i za su sauka. Amma zumuɗi ya hana shi zama. Tsohuwar ta tafi da ciwon ƙirji, shi kuwa ba abin da yake roƙo sai ta dawo ɗakinta da ƙafarta. Ya bar Daura rana na shirin faɗuwa, ya nufi filin jirgin Katsina.

Ya wuce Mashi kaɗan, magariba ta kawo jiki, sai ga mace tsaye bakin kwalta, farin hijabi, jakar alhazai a hannu.

Inna ce. Wallahi ita ce, har ɗan karkacen kafaɗar nan.

Ya taka birki. Ta shiga baya, ko ƙarar ƙofa bai ji ba.

"Inna, ya aka yi haka? Har kun sauka?"

"Ni dai juya ka kai ni gida," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya juya. Uwa ce, wa zai yi musu? Sai dai motar ta cika da wani wari, ba turaren Makka ba. Kafur ne, irin na wankan gawa.

Ya saci kallon agogo. Awa biyu da rabi da wayarta. Jirgin ma bai fi rabin hanya ba.

Ya kasa kunne.

Ba numfashi a bayansa. Sai kukan taya.

"Kalilu."

Shi ɗan fari ne. Shekara arba'in da ɗaya Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda kunya. "Kai wannan" take ce masa.

"Kalilu, juyo in gan ka."

Yatsu masu sanyi suka sauka a wuyansa.

Ya ƙwala a'uziyya, ya saki sitiyari. Motar ta gangara cikin gonar gero, ya ɓalle ƙofa ya zura a guje, bai waiga ba.

Wata motar 'yan tarbar alhazai ta tsince shi, ta kai shi filin jirgi. Jirgi ya sauka kan lokacinsa. Malamin ayarin su Inna ya riƙe masa hannu: Inna ta cika a kujerarta, suna tsakiyar tafiya.

Liman ya ce aljani ne ya ari kamarta, mamaci ba ya dawowa. Kalilu ya ce haka ne.

Amma har yau in magariba ta riske shi bayan Mashi, sai ya rage gudu yana duba bakin hanya, yana hawaye. Sau ɗaya a duniya ya ji sunansa da muryar Inna, kuma bai juya ba.